Dardumar Dada Gherghina

Craiova, 4 ga Maris, 1997

Ruxandra 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata sanyin Iași bai shiga ƙashinki ba, kuma kina cin abu mai zafi, ba burodi da shayi kaɗai ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya sani. Kakarki Dada Gherghina ta fi ni ƙwari. Ranar Lahadi na same ta a ƙauye tana faskare tana zagin gatarin.

Mujallar ɗalibai da kika aiko ta iso. Kai, Ruxi, kin fitar da mu kunya! Shafi goma sha ɗaya, ga sunanki a sama da manyan baƙaƙe. A bakin teburina na kasuwa na karanta, tsakanin mai sayen cuku da mai sayen kabeji. Rabi ban gane ba, shi ya tabbatar mini aikin ilimi ne, don ni a aji goma na tsaya. Na nuna wa Aurica mai ƙwai, ta ce kalmar "wanzuwa" kaɗai ta fito sau tara, ko Fada bai kai haka ba a wa'azin Ista. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, wadda ba ta taɓa wanke gawa ba, ko kaza ba ta taɓa figewa ba, ta gano abin da mutuwa ke yi wa iyali. Mu da muka yi shekara arba'in muna binne mutane ba mu lura ba.

In na fahimce ki, littafin da kika yi wa sharhi labarin wata tsohuwa ce da ke kwance a bene tana jan numfashin ƙarshe, 'ya'yanta huɗu suna ƙasa sun kewaye teburin cin abinci. Shafi ɗari huɗu, yini guda. Marubucin ya shiga cikin kan kowannensu ya yi zamansa. Babban yana tunanin jirgin ƙasan da zai tafi ya bar shi. Ta biyu tana ƙirga cokulan azurfa. Na uku yana shirya jawabin da zai yi a bakin kabari. Autar kuwa ba ta son komai, kuma ita kika ce ita kaɗai ce mai farar zuciya. Hukuncinki shi ne babu mai yi wa mamaci kuka, kowa kansa yake yi wa.

Abu mai kyau haka ba a ɓoye shi, shi ya sa na tafi da shi ƙauye na karanta wa kakarki tun daga farko har ƙarshe. Tana ɓare wake tana saurare. Da na gama sai ta ce, "'Ya'ya nawa kika ce matar ke da su?"

Na ce, "Huɗu, Dada."

Ta ce, "Nawa biyu ne, amma sun isa huɗu. Ruxandra ce ta rubuta wannan?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "To, ta san ubanta." Ta ture kwanon waken gefe. "Filofteia, ba zan jira su ba. Sadakata da raina zan yi ta."

Kin san tsofaffinmu na Oltenia. Wanda bai amince da 'ya'yansa ba, shi ke yin sadakar mutuwarsa da hannunsa tun yana numfashi: ya ciyar da gari, ya ba wa bare gado da tebur da tufafi, don abin da ka bayar a nan shi za ka tarar yana jiranka a can. Jininka kuwa ba a ba shi. Abin da ya koma hannun jininka bai bar gida ba, don haka ba ya isa can. Tun ranar da marigayi Ilarie ya kawo ni gidan yayarsa ina amarya nake jin tana cewa za ta yi, ban taɓa ɗauka da gaske take ba sai da ilimi ya shigo maganar.

An sa rana: Asabar, 17 ga Mayu, bayan an fita azumi, don ta ce ba za ta tafi lahira da miyar wake ba. Za ta bayar da gadon katako, tebur, kujera, fitila, bokiti, takalmi sabo, da keken ɗinki.

Af, na kusa mantawa. Har da babbar dardumar nan ta bangon ɗakin baƙi, ja mai tsuntsaye.

Ki ci gaba da rubutu, yana da amfani.

Taki,
Tanti Filofteia

Iași, 12 ga Maris

Tanti Filofteia, ina sumbatar hannunki.

Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da ya ƙi tafiya tun watan jiya. Ɗakinmu ana ɗumama shi kwana uku a mako, sauran kwanakin da riguna biyu muke kwana. Ki riƙa shafa wa gwiwar man da na gaya miki.

Tanti, me ya kai ki karanta wa kakata Mamaie sharhina? Ke na aiko wa, don ki ajiye. Ba a kan Baba na rubuta ba, ba kuma a kan Tanti Marioara ba. Mutanen littafi daban, mutanen gida daban. Abin da marubucin ke nunawa shi ne kowane ɗan Adam a kulle yake cikin kansa, har gawar uwarsa ma madubi ce da yake duba fuskarsa a ciki. Ban ce kowa mugu ba ne. Na ce kowa shi kaɗai ne. Yanzu ga Baba ya kira ni ta wayar mai gadi yana ihu, wai na buga shi a jarida.

Game da sadakar, ni ban yarda gado da bokiti suna tsallake kabari ba. Amma kayanta ne, ta ba wanda ta ga dama. Har ma ta burge ni, ta ƙi bari a yi rabon kayanta tana kwance.

Sai dai dardumar. Ina jin kuskure kika yi wajen rubutawa. Mamaie ta yi mini alkawarinta ina 'yar shekara tara, lokacin da na yi ƙyanda ta kwantar da ni a ɗakin baƙi. Kwana shida ina kallonta, na san kowane tsuntsu da ke jikinta. Ta ce, "Ranar da kika yi ɗakinki, taki ce." Kada ki ɗauka son kai ne. Ba don kaina nake magana ba. Aikin hannu ne da babu mai iya irinsa yanzu, ya kamata ya zauna wurin wanda ya san darajarsa. Don Allah ki tuna mata a hankali, kuma kada ki ce ni na ce.

Ruxandra

Craiova, 21 ga Maris

Ruxi,

Ki sha ruwan albasa da zuma, tarin zai gudu, ƙawayen ɗakinki ma haka. Gwiwa da sauƙi. Kowa lafiya, in dai ana kiran abin da ke faruwa a gidanku lafiya.

Ubanki Titu ya je ƙauye da motarsa, ya ce ba wa bare gadon gidan cin mutuncinsa ne a idon gari. Marioara 'yar'uwarsa ta biyo shi a bas, ta rungume keken ɗinki tana kuka kamar shi ne ya rasu. Kakarki ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Ku yi yanzu in ji, in ga wanda ya fi iyawa. Ranar ba zan samu damar saurare ba."

Maganar darduma na tuna mata, a hankali kamar yadda kika ce. Na ce, "Dada, Ruxandra ta ce kada in ce ita ta ce."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Na yi alkawari, gaskiya ne. Lokacin ban san zan mutu ba. Hunturu uku na yi ina saƙa ta, ina 'yar sha bakwai, ana yaƙi, ni na rina ulun da hannuna. Shekara hamsin da biyar tana bango ana ajiye wa baƙi da Fada su kalla, ban taɓa ɗora ƙafata a kanta ba. To can zan shimfiɗa ta a ƙasa in miƙe a kai, in ga wanda zai ce mini tashi."

Wadda ta zaɓa ta karɓi kayan ita ce Smaranda mai awaki, gwauruwar nan ta ƙarshen gari, don sa'arta ce kuma ba ta da komai. Kin san ɗakin Smaranda. In sanyi ya yi tsanani awakin ciki suke kwana. In sun bar wani abu, dillalan nan masu zagaya ƙauyuka za su ba ta barguna biyu na kanti su naɗe ta su tafi.

Yanzu bari in gaya miki abin da na aikata. Domnu Pamfil, tsohon malamin makarantar nan da ke sayen cuku a wurina duk Alhamis, ya ara mini littafin naki. Na karanta shi kaf cikin kwana tara. Akwai jimla guda da na fara da safe, na sayar da kabeji kilo ashirin, na dawo ba ta ƙare ba. Amma na ga abin da na gani.

Mai ƙirga cokulan nan da kika tsine wa, ki koma shafi na ɗari da tara. Wa ya hau bene ya juya tsohuwar don kada bayanta ya yi gyambo? Ita. Sau shida ta hau, na sa alama da fensir, Domnu Pamfil ya yafe mini. Tana ƙirga cokula ne don shekara talatin ita ke wanke su, ta san wanda ya lanƙwashe. Autarki mai farar zuciya kuwa, ta zo da 'yar jakarta, ta tsaya bakin taga tana kallon ruwan sama, ba ta son komai. Ruxi, a kasuwa wanda ya zo bai taɓa komai ba, bai yi tayi ba, bai ko shinshina ba, ba ma ce masa mutumin kirki. Mai wucewa muke ce masa.

Sannan ba ki ce uffan a kan tsohuwar ba, kamar mutuwa ta wanke ta. Ki lura, sai ta ji an ɗora abinci a tebur take buga sanda a ƙasa. Sau uku ta yi haka. Ita ma abin da take so take so, har numfashin ƙarshe, kuma ita kaɗai ce na ji zan iya zama da ita. Abu ɗaya na riƙe wa marubucin: shafi ɗari huɗu mutane suna ci, ya shiga kan kowa har da kare, bai shiga kan wadda ta dafa ba.

Ni dai me ya dame ni da rabon gidanku? Bare ce ni. Shekara talatin da ɗaya ana tuna mini babu ɗigon jininku a jikina.

Tanti Filofteia

Craiova, 14 ga Afrilu

Ruxi,

Mako uku ba wasiƙa. Ko tarin ya kwantar da ke, ko fushi kike don na taɓa autarki. In tarin ne, ki je asibiti. In fushin ne, ki yi shi da sauri, don rana tana matsowa kuma Smaranda ta riga ta zo ta auna dardumar da taku. Ta ce za ta yi daidai da ƙofar da iska ke shigo mata.

T. F.

Iași, 19 ga Afrilu

Tanti, ina sumbatar hannunki.

Tarin ya tafi, ba da albasa ba. Ki gafarce ni. Makon farko fushi nake, gaskiya ne. Na biyu na koma shafi na ɗari da tara. Sau shida ne, kamar yadda kika ce, kuma ni da na karanta littafin sau uku ban gani ba. Na kai wa malamarmu maganar wadda ta dafa abincin, ta cire tabarau ta tambaye ni a wane littafin sharhi na samo. Na ce a wurin wata mai nazari ce a Craiova. Ta ce in kawo mata sunan mujallar da take rubutu a ciki.

Mako na uku kuwa ƙarshen wasiƙarki nake ta karantawa. Da farko na ɗauka ƙorafi kike. Sai daga baya na gane abin da kike nufi, kuma na yi mamakin yadda na yi jinkirin ganewa. Ke ba jininmu ba ce! Matar ƙanin Mamaie ce ke, aure ne ya haɗa. Kenan al'ada ba ta hana a ba ki ba. Smaranda ta ɗauki gado da tebur da duk sauran, su take bukata. Ke ki karɓi dardumar a gaban mutane, ki ajiye mini ita a gidanki har in gama karatu. Mamaie ta samu kwanciyar hankali, dardumar ta tsira daga awaki, alkawari ya cika. Babu wanda ya yi asara.

Na san abin da za ki ce. Na riga na faɗa wa kaina. Amma ba ɗaya ba ne da na littafin, don ni ba mutuwarta nake jira ba, kuma ina sonta. Na rubuta dalilai biyar da suka bambanta ni da mai cokula, sai na ga wasiƙar ta yi tsawo na cire.

Barka da Ista tun yanzu. Ki sumbaci Mamaie.

Ruxandra

Craiova, 29 ga Afrilu

Ruxi,

Almasihu ya tashi. Mun yi Ista lafiya, a wasan gwara ƙwai, ƙwan da na rina shi ya fasa na kowa, har na Titu da nake zargin na katako ne.

Ashe haka ilimi yake! Ni ina yi miki kukan maraici, ke talla kika ji. Tsohuwa gwauruwa ta buɗe miki zuciyarta, kika leƙa ciki kika ga wurin ajiye darduma. Na nuna wa Aurica, ta ce yarinyar nan ɓata ta ake yi a jami'a, a ba ta tebur a kasuwa. Dalilan nan biyar ki aiko mini su, ina son abin karantawa a bas.

Amma tunda ke ce, na je. Na ɗauki cuku mafi kyau, wanda nake ɓoye wa matar likita, na kai wa kakarki. Na share mata tsakar gida. Na yaba kajinta. Tana kallona kawai.

Can ta ce, "Filofteia, shekara talatin da ɗaya ba ki taɓa kawo mini cukun da bai fara tsami ba. Me kike so?"

Na ce, "Lafiyarki, Dada."

Ta ce, "Lafiyata tana bango, ja mai tsuntsaye. Ke ce ko yarinyar?"

Na ce, "Ni dai awakin nake tausaya wa, ulu yana ƙulle musu ciki."

Ta yanki cukun ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa da haƙoranta huɗu. Ta ce, "Za mu gani ranar." Cukun kuma ba ta dawo mini da shi ba.

Don haka ban yi miki alkawarin za a ba ni ba. Abin da na yi alkawari shi ne, in ta shigo hannuna, ranar da kika ce in aiko zan aiko. Ki zo ranar sha bakwai. Ta tambaye ni sau biyu ko za ki zo, ta yi kamar ba tambaya take ba.

Tanti Filofteia

Iași, 8 ga Mayu

Tanti, haƙiƙa ya tashi. Ina sumbatar hannunki.

Ba zan samu zuwa ba. Ina da jarrabawa ranar Juma'a da yamma, jirgin kuma sai ya bi ta București, ko na taso nan take sai an kwashe tebura zan iso.

Wannan shi ne dalilin da za ki gaya wa Baba. Ke kuwa zan gaya miki ɗayan. Ba zan iya tsayawa in ga ana fitar da gadonta tsakar gida ana kunna kyandir, ita tana zaune tana kallo ba. Na rubuta shafi goma sha ɗaya a kan mutuwa, ban taɓa kawo wa raina cewa Mamaie na ciki ba. Ki ce mata ina zuwa da hutu, zan yi wata guda, zan ɗebo mata ruwa kullum. Ki rubuto mini komai, kada ki rage.

Ruxandra

Craiova, 20 ga Mayu

Ruxi 'yata,

Ina fata jarrabawar ta zo da sauƙi. Mu nan duk lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura, kuma ba gwiwa ba ce, rawa ce. Kin ce kada in rage, to gyara zama.

Kwana biyu muna naɗe kabeji da nama, mu shida, har yatsuna suka daina jin komai. An jera tebura daga bakin rijiya har ƙofar gida, mutum ya fi sittin. Kakarki ta fito da sabon ɗankwali baƙi da takalmin da ta saya don a binne ta da shi, ta ce gara ta fara sabawa da shi tun yanzu. Ta zauna a kan tebur, aka kawo dafaffiyar alkamar nan ta mamaci, ta sa cokali ta ɗanɗana tata da kanta. Ta kalli Marioara ta ce, "Zuma ta yi kaɗan. Da na mutu haka za ku ba mutane, ba mai faɗa muku." Aka ƙaro zuma.

Fada Nichifor ya zo yi mata addu'ar lafiya da tsawon rai, amma bakinsa ya saba, da ya ga alkama da kyandir sai ya kama hanyar addu'ar matattu. Ya kai wurin "baiwarka da ta yi barci" sai ta ja masa riga ta ce, "Ina nan, Fada." Har shi sai da ya juya baya yana gyara gemu.

Sannan aka fito da kayan. Maza huɗu suka ɗauko gadon suka ajiye ƙarƙashin bishiyar tuffa, aka shimfiɗa masa sabon zanen gado. Nan ne ubanki ya ba ni mamaki. Shi da ya yi wata biyu yana maganar mutuncinsa, da ya ga gadon a waje sai ya dafa katakon ya fashe da kuka, na gaske, har kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Mama, a kan gadon nan aka haife ni."

Ta ce, "Na sani, ina wurin." Amma ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba. Ki sa wannan a sharhinki na gaba, ki gaya mini gadon yake yi wa kuka ko ita, don ni da nake tsaye kusa ban iya rabewa ba.

Keken ɗinki ba a fito da shi ba. Ta ce ta sake tunani, in ta tarar da shi can za a ce ta yi wa mala'iku ɗinki, ita kuwa ta gaji. Marioara ta sumbaci hannunta sau wajen goma.

Smaranda ta karɓi kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kyandir a kunne, tana cewa "bogdaproste," Allah ya karɓa. Ta hau gadon ta kwanta kamar yadda ake yi, da takalminta, ta lumshe ido, sai da aka tashe ta. Dardumar tana naɗe a kan kujera. Smaranda ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Sai kakarki ta ce, "Wannan ba taki ba ce, Smaranda, na sa miki barguna biyu a madadinta. Filofteia, matar Ilarie, zo nan. Ke ba jinina ba ce, Allah na gode maka." Gari ya yi dariya. Ta ɗora mini dardumar a hannu, ta ɗora kyandir a kai, na faɗi abin da ake faɗa. Amma ba ta saki gefen da ta riƙe ba. Ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

Ta ce, "Na ba da ita, ta tafi can tana jirana. Kowa ya san ƙa'ida: ranar da ta koma hannun jinina, ranar za a zare ta daga ƙarƙashina, in kwanta a ƙasa. Filofteia, ki rubuta wa mai ilimin nan ta Iași. Ki ce alkawarina yana nan, ban hana ta ba, ke ma kada ki hana ta. Ranar da take so ta aiko a kai mata. Ita ta ce ba ta yarda kaya suna tsallake kabari ba, to ba abin da zai dame ta. Ni ce dai na yarda."

Na ce, "Dada, wa ya gaya miki ta ce haka?"

Ta ce, "Ke. Ba ke kike karanta mini wasiƙunta ba?" Wannan ma gaskiya ne, ki yafe mini, idonta ne ba ya gani sosai.

Daga nan ta aika aka kirawo masu goge. Fada ya ce ba a kiɗa a sadaka, ta ce mamaciyar ta ba da izini. Ita ta ja layin rawar, ubanki a damanta, Smaranda a hagunta, sabon takalmin yana cizonta tana zaginsa tana juyi. Ta ce in gaya miki ta karɓi maganar ɗiban ruwa, wata guda cur, bokiti shida a rana, tunda sabon bokitin ya tafi lahira sai da tsohon mai yoyo.

Yanzu dardumar tana gidana. Na rataye ta tsakanin taga da kabad, ta zauna daidai kamar don wurin aka saƙa ta, ƙusoshin ma tun watan Fabrairu suke jira. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: ranar da aka kai ni gidanku ina amarya, ita ce abin da na fara so a gidan. Ilarie ya zo na biyu, Allah ya jiƙansa, kuma ya sani.

Amma magana ɗaya nake yi, duk kasuwa ta shaida. Na ce in kika ce in aiko zan aiko. Akwai ɗan Aurica da ke aikin jirgin ƙasa, yana zuwa Iași duk Laraba, na kuma tanadi buhu mai tsabta da igiya.

To, malama mai sharhi, in naɗe?

Taki,
Tanti Filofteia